Wasa 41, nasara 41: Tambayoyi da amsoshi kan kakar 2012/2013 ta 'yan matan hokin ƙanƙara na Jami'ar Minnesota

A ranar 24 ga Maris, 2013, ƙungiyar mata ta hokin ƙanƙara ta Jami'ar Minnesota da ke Amurka ta doke Jami'ar Boston da ci 6 da 3, ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasar. Wannan ne wasanta na 41 a kakar, kuma nasararta ta 41. Ba a ci ta ba ko sau ɗaya, ba ta kuma yi kunnen doki da kowa ba. Ga amsoshin tambayoyin da mai son wasanni zai iya yi game da wannan kaka, musamman wanda bai saba da wasan ba.

Wane irin wasa ne hokin ƙanƙara? Ɗaya yake da hokin da ake bugawa a kan ciyawa?

'Yan uwa ne, amma ba ɗaya ba ne. Shi wannan a kan daskararren ruwa ake yin sa, a cikin ɗaki mai rufi. Tsawon filin ya kai mita 61, faɗinsa wajen mita 26, kuma an kewaye shi da katanga ta katako da gilashi. 'Yan wasa na sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, su riƙa sulɓi a guje. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifai na roba mai tauri ake bugawa da sanda. Nauyinsa bai wuce giram 170 ba, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron raga ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ragar ƙarama ce, faɗinta ƙafa shida, tsayinta ƙafa huɗu, kuma mai tsaronta na sanye da kayan kariya masu kauri da ke toshe kaso mai yawa na bakinta. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da alƙalin wasa ya busa.

Abin da zai fi ba mai kallon ƙwallon ƙafa mamaki shi ne canji. Babu iyaka, kuma ba a tsayar da wasa don a yi shi. 'Yar wasa ta shiga ta yi gudu iya ƙarfinta na ƙasa da minti ɗaya, ta koma benci, wata ta faɗo. Saboda haka ƙungiyar da ke da gwanaye uku kawai ba ta zuwa ko'ina, domin gwanayen nan za su shafe fiye da rabin wasan a zaune. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin labarin Minnesota.

Yaya ake hukunta wadda ta yi ƙeta?

Ana tura ta wani ɗan akurki a gefen fili ta zauna minti biyu, ƙungiyarta ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar na abokan karawa. Idan aka ci su a cikin wannan lokaci, sai ta fito. Laifi mai girma minti biyar ne, shi kuwa ko an ci sai ta cika. A wasan mata na jami'o'i da na ƙasashe, bangaje mutum da gangan da jiki laifi ne. An yarda da shi a gasar duniya ta farko da aka yi a Ottawa a 1990, daga baya aka hana. Kada dai mutum ya ɗauka wasan na lallaɓa ne. Ana gogayya sosai a jikin katanga da bakin raga.

Me ya sa ake maganar ƙungiyar jami'a kamar wata babbar ƙungiyar ƙwararru?

Domin a 2013 ita ce babbar. A Amurka wasannin jami'o'i harka ce mai zaman kanta a ƙarƙashin hukumar NCAA, da filayenta da magoya bayanta. A ɓangaren maza, jami'a tsani ce zuwa gasar ƙwararru ta NHL. A ɓangaren mata kuwa, a wancan lokaci babu wata gasa a Amurka ko Kanada da ke biyan albashin da mace za ta rayu da shi. In ka cire tawagogin ƙasashe, jami'a ce wurin da 'yar wasa ke samun koci na cikakken lokaci, da likita, da fili kullum, da kuɗin tafiya. Shi ya sa 'yan mata daga Kanada da Finland da Suwidin ke tururuwa zuwa jami'o'in Amurka, kuma shi ya sa za ka ga wadda ta riga ta ci lambar Olamfik tana zaune a aji tana rubuta jarrabawa.

Ana kiran ƙungiyoyin Jami'ar Minnesota da suna Golden Gophers. Tambarinsu wata 'yar dabba ce mai haƙa rami, mai kama da kurege, launinsu kuma ja mai duhu da ruwan zinariya.

Yaya aka yi wasannin suka kai 41?

Kaka na farawa a ƙarshen Satumba ta ƙare a Maris. Minnesota na cikin rukunin yamma da ake kira WCHA, wanda a lokacin ke da jami'o'i takwas: Minnesota, Wisconsin, Minnesota Duluth, North Dakota, Ohio State, Bemidji State, St. Cloud State da Minnesota State. Kowace na haɗuwa da kowace sau huɗu, biyu a gida biyu a waje, wasa 28 ke nan. Aka ƙara wasu shida da jami'o'in da ba na rukunin ba, suka zama 34. Gasar cin kofin rukuni ta ƙara huɗu, gasar ƙasa ta ƙara uku.

Akwai abin lura a yadda ake tsara su. Galibi ana buga wasa biyu a jere da ƙungiya guda, yau da gobe, a ƙarshen mako. Doke ƙungiya ranar Juma'a abu ne; sake doke ta ranar Asabar, bayan kocinta ya kwana yana nazarin inda aka ɓullo masa, wani abu ne daban. Ƙungiyoyi masu ƙarfi da yawa a wasa na biyun nan suke tuntuɓe.

Ba dai abokan karawar ne ba su da ƙarfi ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta gauraye take. Gaskiya ne a 2013 jami'o'in da ke babban mataki na hokin mata ba su kai 40 ba, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa mai faɗi ce. Akwai wasannin da tun kafin a fara an san inda za su ƙare. A kakar duka Minnesota ta zura 216, aka zura mata 36 kacal, wato sama da biyar a kowane wasa, ita kuwa ba a cika ɗaya ba.

Amma rukunin da take ciki shi ne mafi zafi a ƙasar. Tun da NCAA ta fara gasar mata a 2001 har zuwa 2013, kofin bai taɓa fita daga hannun jami'o'i uku na wannan rukuni ba: Minnesota Duluth, wadda ta ɗauki ukun farko a jere, da Wisconsin, da Minnesota. Don haka sau huɗu-huɗu ta kara da masu riƙe da tarihin kofin, ta kuma doke su duka. A ganina, wanda ya ce sa'ar raunanan abokan karawa ce bai duba jadawalin ba.

Su wane ne ginshiƙan ƙungiyar?

Mutum uku ake fara ambata.

Amanda Kessel, 'yar gaba, ta gama kakar da maki 101: ta ci 46 da kanta, ta taimaka aka ci 55. A hoki ana ba mai ci maki ɗaya, mai taimakawa ma ɗaya. Abin dariya, 'yar garin Madison ce, inda Jami'ar Wisconsin take, babbar kishiyar Minnesota. Yayanta Phil Kessel ma Minnesota ya zaɓa kafin ya tafi NHL, inda daga baya ya ɗauki kofin gasar, kofin Stanley, sau uku.

Noora Räty, mai tsaron raga daga Finland, ta zo kakar da lambar tagulla ta Olamfik ɗin 2010 a hannu. A wasa 17 na wannan kaka ba a zura mata ko ɗaya ba. Ta bar jami'ar da nasara 114 da kuma wasa 43 da ta kulle ragarta gaba ɗaya, duka biyun tarihi ne a lokacin.

Megan Bozek 'yar baya ce daga jihar Illinois, mai bugu kamar harbi, kuma ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyar.

Akwai kyautar Patty Kazmaier da ake ba gwarzuwar shekara a hokin mata na jami'o'i tun 1998. An sa mata sunan wata tsohuwar 'yar wasan Jami'ar Princeton da ta rasu a 1990 tana da shekara 28. Akan tace 'yan takara zuwa uku na ƙarshe, kuma a 2013 ukun nan duka 'yan Minnesota ne, Kessel da Räty da Bozek, abin da ba a taɓa gani ba. Kessel ce ta ɗauka.

Sai dai in an tsaya a kan ukun nan an yi wa sauran rashin adalci. Hannah Brandt, wadda a shekarar ta shigo jami'a, ta tara maki 82. Lee Stecklein ma sabuwar shiga ce a baya. Mira Jalosuo, wata 'yar Finland, tana nan. Kuma a wasanni biyu da suka fi kowanne tsanani a kakar, ba Kessel ce ta ceci ƙungiyar ba. Wasu ne da ba a cika buga sunansu a kanun labarai ba.

Wane wasa ne ya fi ba su wuya?

Na ranar 16 ga Maris, 2013, da North Dakota, a zagayen farko na gasar ƙasa. Ƙungiyoyi takwas ne ke shiga gasar a lokacin, kuma wasa ɗaya ne: wanda aka ci ya tafi gida.

Sai an san tarihin da ke tsakaninsu za a gane nauyin wannan wasa. Taurarin North Dakota tagwaye ne, Jocelyne da Monique Lamoureux, 'yan garin Grand Forks. Sun fara karatu a Minnesota, suka buga mata kakar 2008/2009, sannan suka tattara suka koma jami'ar garinsu. Ƙari a kan haka, North Dakota ce ƙungiya ta ƙarshe da ta doke Minnesota, a Fabrairun 2012. A wannan kaka sun riga sun haɗu sau biyar, na biyar ɗin a wasan ƙarshe na kofin rukuni, mako guda kafin nan, inda Minnesota ta ci 2 da nema. Masu tsara gasar ƙasa kan yi la'akari da nisa don rage kuɗin jirgi, shi ya sa maƙwabta kan faɗa wa juna tun a zagayen farko. Haka aka sake haɗa su karo na shida. Doke ƙungiya mai kyau sau shida a kaka ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Ta riga ta haddace ka.

Minti 60 suka cika ana 2 da 2. A irin wannan gasa ba a zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana ƙara zagaye na minti 20, duk wanda ya fara ci wasa ya ƙare nan take. Aka yi ƙarin farko, shiru. Aka yi na biyu, shiru. Mai tsaron ragar North Dakota, Shelby Amsley-Benzie, ta yi ta tare duk abin da aka jefo mata. Sai da na uku ya kusa ƙarewa, an buga sama da minti 118, kusan wasa biyu cur, Kelly Terry ta tura faifan cikin raga. Ci 3 da 2.

A cikin kusan awa guda na ƙarin lokacin nan, bugu ɗaya da zai goge takalmin wata ya karkace ya wuce Räty ya isa ya rushe komai. Da haka ta faru, da ƙungiyar da ta yi nasara 38 a jere ba ta ko kai wasan kusa da na ƙarshe ba, kuma da yau ba wanda ke rubutu a kanta. Wannan shi ne abin da lambar 41 ke ɓoyewa.

Daga nan hanya ta yi sauƙi?

Ina fa. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar 22 ga Maris, Boston College ce ta fara ci, kuma aka shiga zagaye na uku Minnesota na baya, abin da magoya bayanta ba su saba gani ba. Ta farke, ta wuce gaba, Boston College ta sake farkewa. Aka koma ƙarin lokaci. Wannan karon bai ja ba: ba a cika minti biyu ba Sarah Davis, 'yar Kanada, ta ci. Shi ma 3 da 2.

Wasan ƙarshe ne ma ya zo da ɗan sauƙi. Jami'ar Boston, wadda dabam take da Boston College ko da yake gari ɗaya suke jingine da shi, tana da Marie-Philip Poulin, wadda ta ci wa Kanada duka ƙwallaye biyun da ta doke Amurka da su a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 2010. Duk da haka Minnesota ta riƙe ragamar wasan, aka tashi 6 da 3. Kessel ta ci biyu, aka zaɓi Räty gwarzuwar gasar. An yi wasan a gidansu, filin Ridder da ke Minneapolis, kujeru 3,400 duk a cike.

Wane ne kocin?

Brad Frost, haifaffen Kanada. Ya yi shekaru yana mataimakin Laura Halldorson, wadda ta kafa ƙungiyar a 1997 ta kuma ɗauki kofin NCAA a 2004 da 2005. Da ta ajiye aiki a 2007 ya gaje ta. Ya ɗauki kofi a 2012, 2013, 2015 da 2016.

Me ya sa Minnesota, ba wata jiha ba?

Sanyi na cikin dalilan, amma ba shi kaɗai ba ne. Jiha ce ta arewa mai iyaka da Kanada, mai dubban tafkuna da ke daskarewa da hunturu, kuma yara na koyon sulɓi a kansu tun suna ƙanana. Sai dai tafkunan nan sun daɗe suna daskarewa ba tare da sun samar da ƙungiyar mata ko ɗaya ba. Abin da ya sauya lamarin doka ce da kuɗi.

A 1972 Amurka ta kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sannu a hankali aka tilasta wa makarantu su ba mata damar wasanni daidai gwargwado da maza. A 1994 Minnesota ta zama jiha ta farko da ta amince da hokin 'yan mata a matsayin cikakken wasan makarantun sakandare, aka yi gasar jiha ta farko a 1995. A daidai wannan lokaci majalisar jihar ta ware kuɗi don gina ƙarin filayen ƙanƙara, domin 'yan mata su samu lokacin atisaye ba sai abin da maza suka rage ba. A 1998 aka sa hokin mata a Olamfik karo na farko, a Nagano ta Japan, Amurka ta ɗauki zinariya, yara mata suka gani a talabijin. A 2002 jami'ar ta buɗe filin Ridder, na farko a Amurka da aka gina musamman don ƙungiyar hokin mata ta jami'a.

Yanzu a lissafa. Galibin 'yan wasan 2013 an haife su ne a farkon shekarun 1990. Su ne rukunin farko da suka taso suka tarar da komai a shirye: ƙungiyar 'yan mata a unguwa, gasa a sakandare, fili a jami'a. Ƙungiyar 41 da babu, amfanin gonar da aka shuka shekara ashirin kafin nan ce.

'Yan wasan na karatu da gaske, ko suna ne kawai? Ana biyan su?

Dole ne su kasance cikakkun ɗalibai, kuma wadda makinta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ba ta bugawa. A 2013 dokar NCAA ta ba ɗaliba kaka huɗu ta buga a cikin shekara biyar, ta kuma taƙaita atisaye da wasa na dole zuwa awa 20 a mako, ko da yake tafiye-tafiye da jinya kan ci fiye da haka. A wancan lokaci albashi babu. Abin da ake ba su tallafin karatu ne: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. A lokacin kowace ƙungiya na da gurbin cikakken tallafi 18, ga 'yan wasa fiye da 20, don haka akan rarraba wasu. Sai a 2021 aka yarda ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu. 'Yan 2013 ba su ga wannan ba.

Ƙa'idar kaka huɗun nan ce ta sa jerin nasarori ke da wuya a jami'a. Kowace shekara manya na kammalawa su tafi, kuma ba a sayo wasu a kasuwa.

Yaushe jerin nasarorin ya tsaya?

Ranar 17 ga Nuwamba, 2013, bayan nasara 62 a jere: takwas a ƙarshen kakar 2011/2012, har da wasan ƙarshe da suka doke Wisconsin 4 da 2, sai 41 na wannan kaka, sai 13 a farkon ta gaba. Wadda ta tsayar da su? North Dakota, da ci 3 da 2, a filin Ridder. Ita ta doke su kafin jerin ya fara, ita ta kusa katse shi a tsakiya, ita kuma ta rufe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne 13 ɗin ƙarshen. Räty da Bozek sun kammala, Kessel da Stecklein sun tafi sansanin tawagar Amurka don Olamfik ɗin 2014, amma ƙungiyar ta ci gaba da cin wasa har ta sake kai wasan ƙarshe. A can Jami'ar Clarkson, wata ƙarama a arewacin jihar New York, ta doke ta 5 da 4, ta zama ta farko daga wajen rukunin yamma da ta taɓa kofin.

Ina ƙungiyar North Dakota take yanzu?

Babu ita. A Maris ɗin 2017 jami'ar ta sanar da rushe ƙungiyar hokin mata saboda gibin kasafin kuɗi, ta bar ta maza, wadda ke cika fili tana kawo kuɗi. Ƙasa da shekara guda bayan nan, a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Monique Lamoureux ce ta farke wa Amurka ƙwallo a gaban Kanada, Jocelyne kuma ta ci wadda ta raba gardama a bugun ƙarshe. Amurka ta ɗauki zinariya karo na farko cikin shekara 20 ta hannun tsofaffin ɗalibai biyu na ƙungiyar da aka rufe. Dokar 1972 ta buɗe ƙofa, amma ba ta hana jami'a rufe ƙungiya in ta ce aljihunta ya yi rauni ba, muddin ta nuna cewa jimillar damar da take ba mata ba ta gaza ba.

Su 'yan Minnesota fa, me ya biyo baya?

Kessel da Bozek da Stecklein sun je Olamfik ɗin 2014 a Sochi ta Rasha da tawagar Amurka, suka kai wasan ƙarshe. Amurka na gaba da ci 2 da nema saura 'yan mintuna, Kanada ta farke, kuma Poulin ɗin nan da suka doke a Minneapolis ita ta ci ta farkewa da ta nasara. Bayan nan Kessel ta yi fama da illar buguwar kai, ta shafe kusan shekara biyu ba ta wasa, har aka fara cire rai. Ta dawo a Fabrairun 2016, ta taimaka wa Minnesota ta sake ɗaukar kofi. A 2018 ita da Brandt da Stecklein suna cikin tawagar da ta ci zinariya, kafaɗa da kafaɗa da tagwayen North Dakota.

Labarin Räty ya fi nuna halin da ake ciki a lokacin. Bayan Sochi ta bayyana cewa ba za ta iya rayuwa da wasan mata ba, ta koma tsaron raga a gasar maza ta mataki na biyu a Finland. Ta sake cin tagulla da ƙasarta a 2018.

A 2017 'yan tawagar Amurka sun yi barazanar ƙaurace wa gasar duniya sai an gyara musu biya, kuma hukumar hokin ƙasar ta sauko. Gasar ƙwararru mai tsayayyen albashi, PWHL, sai a Janairun 2024 ta fara da ƙungiyoyi shida. Ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota ce ta ɗauki kofinta na farko da na biyu, da Stecklein a cikinta.

Akwai wanda ya maimaita wannan tarihi?

A babban matakin hokin mata na NCAA, Minnesota ce ta fara gama kaka ba rashin nasara ba kunnen doki. A ɓangaren maza akan ambaci Jami'ar Cornell, wadda ta yi wasa 29 ta ci duka a kakar 1969/1970. Daga cikin waɗanda suka matso kusa a mata akwai Wisconsin ta 2024/2025, wadda ta yi nasara 38, aka doke ta sau ɗaya, ta yi kunnen doki biyu, ta kuma ɗauki kofi da ƙyar a hannun Ohio State a ƙarin lokaci, a filin Ridder ɗin nan dai.

Kullum abin ƙara wuya yake. Jami'o'in da ke wasan sun ƙaru, an faɗaɗa gasar ƙasa zuwa ƙungiyoyi 11 daga 2022, ɗalibai na sauya jami'a cikin sauƙi fiye da da, kuma Ohio State, wadda a 2013 ke tsaka-tsaki a rukunin, ta ɗauki kofi a 2022 da 2024. Wasannin da ake cin su tun daga ɗakin sa kaya sun ragu.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ta ina zai fara?

YouTube ya fi sauƙi, domin akwai gutsattsarin wasannin jami'o'i da na Olamfik. Wasan ƙarshe na 2014 da na 2018 tsakanin Amurka da Kanada sun isa su nuna wa baƙo abin da wasan ya ƙunsa, kuma da yawa daga waɗanda aka ambata a nan suna ciki. Da farko ido ba ya iya bin faifan saboda ƙanƙantarsa da saurinsa. Dabarar ita ce a bi inda 'yan wasa suka fuskanta, faifan na can. Mai son kallo kai tsaye kuwa sai ya shirya hana ido barci: da hunturu agogon Najeriya da Nijar na gaban na Minnesota da awa bakwai, don haka wasan da aka fara ƙarfe shida na yamma a Minneapolis, ƙarfe ɗaya na dare ne a Kano da Zinder.